Ɗan haya ya ce TB 9 ya ajiye, mitarmu ta ce 23

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina cikin wani hali, kuma gara in ji ta bakin waɗanda suka riga ni a wannan harka kafin in taɓa abin da zai sa ni da-na-sani.

Wasunku sun san ina aiki da wani ƙaramin kamfanin gajimare, wato masu ajiye wa mutane bayanai ta intanet, a nan ɓangaren Ikeja. Muna da rumbun ajiyar fayiloli irin na S3 na kamfanin Amazon, da muka ɗora a kan Ceph, manhajar da ke haɗa faifai da yawa su zama rumbu ɗaya, muna ba kamfanoni haya, kowa da asusunsa da bokitansa (mazuban fayilolinsa) da mabuɗansa. Cikin 'yan hayarmu akwai wani kamfani mai saka kyamarorin tsaro a rukunan gidaje can wajen Ajah, bidiyon kyamarorin suke turowa wurinmu dare da rana. Ƙarshen watan nan muka aika masa takardar kuɗi ta TB 23 (TB shi ne terabait, ma'aunin girman bayanai). Mutumin ya kira ogana yana ta sababi, wai shi TB 9 ya sani, har hoton allon kwamfutarsa ya turo. Na zauna na jera fayilolin bokitinsa da kaina na tara, wallahi 9 ɗin ce. Amma mitarmu da ke auna ajiyarsa 23 take nunawa.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Tun shekaranjiya rumbun yake ba ni gargaɗin ya kusa cika. Oga ya ce in samo amsa kafin Litinin.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zargi mita, duba min abu biyu. Shin an kunna ajiyar tsofaffin kwafi a bokitin, wato a riƙe tsohon fayil ko da an sauya shi da sabo? Sannan ka buga list-multipart-uploads a kansa, umarnin da ke jero lodin da ba a ƙarasa ba, ka ga abin da zai fito. Ina jiranka, ko shayina ban sha ba tukuna.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Baba a yi haƙuri, ni sabon shiga ne, wata uku ke nan da aka turo ni Legas. Bokitin nan da ake ta faɗa, da folda ba ɗaya ba ne?

Tsohon Injiniya:
Ba ɗaya ba ne, kodayake allon zai yaudare ka ya nuna maka kamar folda. A irin wannan rumbu kowane fayil ana jefa shi ne ɗungurungum da sunansa, in za ka canja ko harafi ɗaya a cikinsa sai dai ka sake aiko shi gaba ɗaya ya hau kan na da. Amazon ce ta fito da S3 a 2006, yanzu kusan kowa yarenta yake yi, har Ceph ɗin da ake magana. Riƙe maganar "ya hau kan na da" ɗin nan, za ka ga amfaninta nan da ɗan lokaci.

Ɗan Agege:
Baba ka gama da ni. An kunna. Na buga list-object-versions sai ga su rututu, tsofaffin kwafi sun kai TB 11. Ashe manhajarsu sunaye iri ɗaya take maimaitawa, kyamara ta ɗaya ranar Litinin, kyamara ta ɗaya ranar Talata, haka haka, in mako ya zagayo sabon ya hau kan tsohon. Su a zatonsu tsohon ya tafi. Waɗanda suke gogewa da hannu ma ba su tafi ba, alamar gogewa kawai aka ɗora a kansu, fayil ɗin yana ƙasa yana kwance.

Sauran TB 3 kuma gunduwoyin lodin da ba a ƙarasa ba ne. Wasu tun watan azumi suke nan.

Tsohon Injiniya:
To ka gani. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in yi wa ɗan bautar ƙasarmu bayanin na biyun, don shi ne ke cin mutane a ƙasar nan fiye da ko'ina. Babban fayil ba a tura shi a tashi ɗaya, yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa aƙalla MB 5 ban da ta ƙarshe, har zuwa gunduwa 10,000. Sai an gama turawa duka sannan manhaja ta ce wa rumbu haɗa su. To ka ɗauka akwatin kyamarar nan yana ɗakin maigadi a Ajah, yana tsakiyar turawa aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta ya mutu ya dawo. Bai san ya bar rabin aiki ba, sai ya fara sabo daga farko. Gunduwoyin farko suna nan a rumbunka, ba su zama fayil ba balle su fito a jeri, amma wuri suna ci. Sau nawa ake ɗauke wuta a wata? Kai ka lissafa.

Ɗan Agege, kwafi nawa rumbunku yake yi wa kowane fayil a faifai daban-daban?

Ɗan Agege:
Uku, Baba.

Tsohon Injiniya:
Ke nan TB 14 ɗin da mutumin bai san da su ba, TB 42 ne a kan faifanka. Shi ya sa rumbun ke kuka. Kuma ka yi hankali, gargaɗin Ceph yana farawa ne in faifai ya cika kashi 85 cikin ɗari, in ba ku canja saitin ba. A 90 ya daina kwashe kaya zuwa faifan da ya kai nan. A 95 ya tsayar da rubutu. Ba sai rumbun duka ya kai 95 ba fa, faifai guda ya isa ya jawo muku. Ranar nan ba mai kyamara kaɗai zai kira oganka ba, duk 'yan hayarku ne za su kira a lokaci ɗaya.

Ɗan Agege:
Faifai biyu suna 87 yanzu haka. To ga tambayata ta gaskiya. Ina da mabuɗin gidan gaba ɗaya. Minti biyar ya ishe ni in saka wa bokitinsa dokar shara, ta kwashe tsofaffin kwafi da gunduwoyin nan cikin dare, gari ya waye kowa ya huta, lissafinsa ya koma 9 kamar yadda yake so. In yi?

Barista 'Yar Obalende:
Kada ka kuskura, ƙanina. Ajiye hannunka.

Bakano a Yaba:
Ni ɗan haya ne a irin waɗannan rumbuna, ba mai gida ba, don haka bari in yi magana da bakin mutumin Ajah. Tambaya ɗaya: wa ya kunna ajiyar tsofaffin kwafin? Domin a S3 na asali bokiti ba ya zuwa da ita a kunne, sai mutum ya kunna da hannunsa. Mai saka kyamara da na sani ba zai je ya lalubo wannan saitin ba.

Ɗan Agege:
Hmm. Malam ka taɓo inda ke min ciwo. Mu ne. Shafin da muke ba 'yan haya su buɗe bokiti, a kunne take zuwa. Wanda na gada ne ya tsara haka bayan wani ɗan haya ya taɓa goge takardunsa bisa kuskure ya zo yana kuka. Niyya mai kyau ce. Amma na duba takardar maraba da muke ba sababbi, ko layi ɗaya babu a kan wannan.

Bakano a Yaba:
Shi ke nan, magana ta ƙare. Kun saka wa mutum famfo a bayan ɗaki ba ku gaya masa ba, ruwa yana ta zuba, yanzu kun kawo masa bil. Wannan da bil ɗin ƙiyasi na 'yan NEPA duk tafiyarsu ɗaya. Ni ne shi ko sisi ba zan ƙara a kan kuɗin TB 9 ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam Bakano, a hankali dai. Faifan da kayan ke kai ba sadaka aka ba su ba, da dala aka sayo su, kuma tun da aka saki naira a 2023 ka san yadda sayen kayan waje ya koma. Wuta kuma tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, masu cibiyoyin ajiyar sabobi (manyan kwamfutoci) ba su bar mu mun sha ruwa ba, ga dizal. Wurin da kayansa suka ci, an hana wani ne. Ban ce ya biya duka ba, amma a ce ko sisi, wannan son kai ne. Gunduwoyin TB 3 ɗin nan ai manhajarsa ce ta zubar da su, ba kamfanin su Ɗan Agege ba.

Bakano a Yaba:
Hajiya, na yarda da TB 3. Sauran 11 fa?

Hajiya Mai Lissafi:
Su 11 a zauna a raba. Haka ake kasuwanci. In ka matse shi ya biya wata ɗaya ya kwashe kayansa, wa ya yi asara?

Barista 'Yar Obalende:
Yanzu na samu zama, bari in faɗi dalilina, don na ga an koma maganar kuɗi an bar babbar.

Abin da ke cikin bokitin nan fuskokin mutane ne, da lambobin motocinsu, da lokacin da suke fita da lokacin da suke dawowa gida. A ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023 wannan bayanan mutane ne. Dokar ta bambanta mai iko da bayanai da wanda ke sarrafa su a madadinsa. Kamfaninku na biyun ne. Aikinku ku yi abin da aka umarce ku, ba abin da kuka ga ya dace ba. In ka goge ba da izini a rubuce ba, gobe aka yi fashi a ɗaya daga rukunan gidajen nan, 'yan sanda suka nemi bidiyon wata biyu baya, mutumin da yau yake rantsuwa bai san da tsofaffin kwafi ba shi zai fara cewa ai yana da su, ku kuka share. Kuma rajistar rumbunku za ta nuna mabuɗinka ne ya yi aikin, da rana da minti.

Ga ɗaya gefen kuma, wanda ban ji kowa ya ambata ba. Wataƙila mai kyamarar ya yi wa mazauna gidajen alkawari a rubuce cewa bayan kwana kaza ana goge bidiyo. Saitinku ya sa alkawarin ya zama ƙarya shi bai sani ba. Don haka ajiyewar ma matsala ce, gogewar ma matsala ce. Mafita ɗaya ce, ku gaya masa gaskiya yau, shi ya zaɓa, ya sa hannu.

Kai da ke zaune a Agege ka fi ni sanin wannan. Mai gida yana da mabuɗin kowane ɗaki, amma ranar da ya buɗe ɗakin ɗan haya ya kwashe tsofaffin kwalaye don wai sun cika wuri, ranar zai san cewa akwai takardar fili a cikin ɗaya.

Ɗan Agege:
Anti na ji, kuma jikina ya yi sanyi. To gunduwoyin fa? Su ai ba bidiyo ba ne, ba mai iya kallonsu.

Barista 'Yar Obalende:
Me yarjejeniyarku ta ce a kansu?

Ɗan Agege:
Ba ta ce komai ba.

Barista 'Yar Obalende:
To su ma saka su a cikin wasiƙar. Layi ɗaya ne.

Tsohon Injiniya:
Barista, a nan kam zan ɗan saɓa miki, da girmamawa. Gunduwar da ta kwana wata huɗu ba wanda zai dawo ya ƙarasa ta, akwatin da ya fara turo ta ma ya manta da lambarta. Wannan shara ce a tsakar gida, ba kaya a ɗaki ba. Ni a wurina kowane bokiti da dokarsa yake haihuwa: lodin da bai kammala cikin kwana 7 ba a watsar da shi. Ba na tambayar kowa.

Barista 'Yar Obalende:
Baba, kai ka rubuta a yarjejeniya tun farko ko?

Tsohon Injiniya:
Na rubuta.

Barista 'Yar Obalende:
To ai ka tambaya ke nan, tun ranar da suka sa hannu. Shi bai rubuta ba.

Tsohon Injiniya:
Kin kama ni. Shi ya sa ba na son gardama da lauyoyi da safe.

Amma a kan tsofaffin kwafi ina bayanki ɗari bisa ɗari, kuma da dalili. Shekarun baya a wani wurin da na yi aiki, rumbu ya cika mana daren Juma'a. Na ga wani bokiti na wani ɗan haya, sunansa ma "gwaji", wata takwas ba a taɓa shi ba. Na ce wannan ai ba mai shi, na share, na tafi gida na yi barcina. Ranar Talata sai ga akawunsu da kansa a ofishinmu, da jaka a hannu, yana neman takardun biyan albashi na shekarar da ta wuce, masu binciken kuɗi sun zo musu. Yaron da ya buɗe bokitin da sunan gwaji ya bar aiki, su kuma suka ci gaba da zuba kaya a ciki ba su canja suna ba. Har yau ina tuna yadda mutumin ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa ya mayar, bai ce min uffan ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Baba an samo su?

Tsohon Injiniya:
Rabi, daga imel ɗin mutane. Kada ka sake tambayata.

Bakano a Yaba:
Duk wannan wahalar ce ta sa nake ce wa abokaina su kai kayansu Amazon kawai su huta. Senti 2.3 ne kowane GB a wata a cibiyarsu ta Bajiniya a Amurka, kuma tun farkon 2025 suna karɓar naira.

Hajiya Mai Lissafi:
Suna karɓar naira, amma da dala suke yanka farashin. Lissafa TB 23 a wannan kuɗin, ya haura dala 500 a wata, ba a zo maganar kuɗin fitar da kaya ba, wanda shi ne ke kashe mai bidiyo. Kuma kana zaton can ba a cajin tsofaffin kwafi da gunduwoyin da aka bari? Ana caja, kobo ba a ragewa. Bambancin kawai can ba ka da lambar ogan da za ka kira ka yi masa faɗa.

Tsohon Injiniya:
Ƙara masa da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kodebuwa, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE lokaci ɗaya. Bankuna ma sun ji a jikinsu. Cikakken yankin Amazon mafi kusa a nahiyar nan yana Kef Tawun a Afirka ta Kudu, tun 2020. Wanda kayansa ke Ikeja ko Lekki, kuma mai ba shi intanet yana haɗe da IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet ta cikin Najeriya, zirga-zirgarsa ba ta buƙatar tsallaka teku. Ba cewa nake na gida ya fi a komai ba, wajen ɗorewar kaya ba mu kama ƙafarsu ba, mu da muke da ɗaki ɗaya ko biyu. Amma mai kyamara a Ajah da ke tura bidiyo awa 24, kusa ta fi masa.

Bakano a Yaba:
Ban musa ba, Baba. Amma kusa ba ta isa ba in ba a gaya min abin da ake caji na a kai ba. Abin da nake nema wurin masu gida irinku ƙanƙane ne: a shafina ku nuna min lamba uku daban, kayan da nake gani, tsofaffin kwafi, da lodin da ya maƙale. Da mutumin Ajah yana ganin ta biyun tana hawa kowane mako, da tun wata na biyu ya kira. Mitar kati ta fi bil ɗin ƙiyasi ba don wuta ta fi araha ba, don kana ganin yunit ɗinka yana sauka da idonka.

Ɗan Agege:
Wannan kam gaskiya ce, na rubuta. Lamba ɗaya muke nunawa, ita ma sai ƙarshen wata.

Shugaban Zaure:
Jama'a, wanda ya turo tallar sayar da data na goge. A kiyaye don Allah. Ku ci gaba.

Tsohon Injiniya:
Ɗana, tambayar da nake ta jira wani ya yi: ina iyakar da kuka saka masa? Ceph yana ba ka damar ƙayyade wa kowane asusu da kowane bokiti girman kaya da yawan fayiloli, da umarnin radosgw-admin, layi biyu ne. Yaya aka yi mutum ɗaya ya ci TB 69 na faifanku ba abin da ya tsayar da shi?

Ɗan Agege:
Baba, 'yan talla ne suka sayar masa da "ajiya ba iyaka". Da babban rubutu a takardar.

Hajiya Mai Lissafi:
Inna lillahi. Ba iyaka a kan faifan da ake ƙirgawa da yatsu.

Bakano a Yaba:
Amma ku tsaya. Iyakar nan ma tana da nata haɗarin. In kun datse mai kyamara ƙarfe biyun dare don ya kai iyaka, bidiyo ya daina shiga, kuma a daren aka haura katangar wani, wa zai amsa? Ni an taɓa datse ni haka ana tsakiyar rajistar ɗalibai, ba gargaɗi ba komai, sai kuskure kawai manhaja ke dawowa da shi. Awa uku ina neman laifin a wurina.

Tsohon Injiniya:
Shi ya sa ba a saka iyaka a kwanta. Iyaka katanga ce ta ƙarshe don kada mutum ɗaya ya kashe wa kowa gida, ka sa ta sama da abin da ya saya da ɗan rata. Kafin ya iso ta saƙo ya same shi sau biyu, ya samu mai kula da asusunsa a wurinku shi ma, ɗan adam ya ɗaga waya ya kira. Wanda ya datse ka bai yi laifi da ya saka iyaka ba, laifinsa shirun da ya yi.

Kuma Ɗan Agege, tunda bidiyo ne mafi yawan kayanku, ka fara tunanin tsarin 4+2 maimakon kwafi uku. Ana yanka kaya huɗu a ƙara biyu na gyara, TB ɗaya ya ci ɗaya da rabi maimakon uku, kuma ko biyu sun mutu kayan na nan. Sai dai yana son sabobi aƙalla shida in kana so kowane yanki ya zauna a saba daban, kuma farfaɗowa bayan faifai ya mutu ta fi nauyi. Ba aikin wannan makon ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Lissafi:
Barista, tunda kina nan. In ya ƙi biya gaba ɗaya fa? Mu a wurinmu akwai wanda ya yi wata biyar bai biya ba, kayansa na zaune, oga ya hana a taɓa.

Barista 'Yar Obalende:
Hajiya, abin da aka rubuta shi ne alƙali. Ko gidan bulo, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce mai biyan shekara a ba shi notis na wata shida, mai biyan wata a ba shi wata ɗaya, in ba su yi wata yarjejeniya daban ba. Wannan dokar ba ta shafi rumbun kwamfuta ba, kada wani ya ce Barista ta faɗa, misali kawai nake bayarwa. A naku ku za ku rubuta matakan da kanku: bayan kwana kaza a hana shi zuba sabo amma ya iya ɗiban nasa, bayan kaza a rufe, bayan kaza a goge, kowane mataki da wasiƙarsa. In ba ku rubuta ba, kun zama masu gadin kayan wani kyauta, ga tsoron gogewa.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Yaya Ɗan Agege, me zai hana ka kashe ajiyar tsofaffin kwafin kawai?

Ɗan Agege:
Ba ta kasuwa, ƙanina. In an kunna sau ɗaya sai dai a dakatar, kuma dakatarwar ba ta taɓa waɗanda suka riga suka taru. Sannan ita ma saitin bokitinsa ce, Anti za ta ce in ajiye hannuna.

Barista 'Yar Obalende:
Ka fara hankali.

Ɗan Agege:
Na dawo da labari. Jiya Asabar na rubuta wasiƙar, oga ya gyara ta, ya cire inda na ce laifinmu ne ya mayar da shi "an samu rashin fahimta", na bar shi. Yau da safe na hau mota har Ajah, da yake Lahadi ce hanya ba laifi. Na buɗe kwamfuta a gaban mai kamfanin na nuna masa fayil guda, kyamarar ƙofar wani rukuni, ranar Laraba, da kwafinsa goma sha tara jere a ƙarƙashinsa kowanne da kwanan watansa. Ya daɗe yana kallo.

An daidaita. Zai biya 9 da 3 ɗin, 11 an raba biyu, wannan watan kawai. Ya sa hannu a watsar da lodin da ya wuce kwana 7 bai kammala ba, tsofaffin kwafi kuma a riƙe na kwana 14 sannan su tafi. Shi da kansa ya ce kada a dakatar, wai yaransa sun cika goge abu da ganganci. Iyaka mun sa TB 15.

Sai dai ina tattara kayana zan fito ya riƙe ni. Wai tunda tsofaffin suna nan, in ciro masa na wata ranar Alhamis cikin watan jiya, wani mazaunin rukunin yana zargin maƙwabcinsa da goge masa mota, an kusa dambe a taron masu gidaje. Na ce sai na yi shawara.

Barista 'Yar Obalende:
Kada ka ciro da mabuɗinka, kada ma ka kalla. Nuna wa yaronsa yadda ake jero tsofaffin kwafi da nasu mabuɗin, su ciro abinsu. Wa za su ba, wa ba za su ba ba, tsakaninsu da mazauna gidajen ne. Kuma ka gaya masa dokar sharar da ya sa wa hannu za ta cinye wannan ranar, in yana so ya ɗauka kafin ka kunna.

Tsohon Injiniya:
In ka kunna kuma kada ka zauna kana kallon allo kana cewa ba ta aiki. Ceph tsakanin sha biyun dare da shida na safe yake bin dokokin shara in ba ku canja ba, kuma abin da aka goge yana jiran aƙalla awa biyu kafin mai kwashewa ya bi ta kansa. Miliyoyin fayiloli ba dare ɗaya ba ne. Ka sa ido kan faifan nan biyu, in sun ƙi sauka ka rage musu nauyi a hankali.

Sauran 'yan hayarku nawa ne suka buɗe bokiti ta wannan shafin?

Ɗan Agege:
Dukkansu, Baba. Talatin da ɗaya.

Hajiya Mai Lissafi:
To sai ka sayi katin waya.

Ɗan Agege:
Yaron mai kyamarar ya ciro na Alhamis ɗin da yamma, na kunna dokar ƙarfe goma. Yanzu bayan asuba na duba, ɗaya faifan ya sauko 84, ɗayan yana 87 bai motsa ba tukuna. Anti, zan turo miki wasiƙar ta sirri ki duba min kafin in aika wa sauran talatin ɗin, oga ya ce wannan karon ma kada kalmar laifi ta fito.